Ka Bar Ta Ta Huta

Ranar da Sakatariya ta ga sifiri a gaban sunan yayanta, shayin da ke hannunta sai da ya zube mata a cinya, ba ta ma ji zafinsa ba sai daga baya.

Amma bari a fara gaya muku ko wace ce ita, don in ba ku san halinta ba za ku ce sifiri bai kai ya zubar wa babbar mace da shayi ba.

Sakatariya dai ba sunan yanka ba ne, aikin da ta yi ne ya biyo ta har gida ya zauna. Ta ƙarar da ƙuruciyarta a ofishin ajiyar bayanai na wani asibiti tana buga takardu, tun zamanin tafireta mai ƙararrawa a ƙarshen layi har aka kawo kwamfuta. Gajeriyar mace ce mai tabarau rataye da igiya a wuya, mai saurin tafiya kamar ta bar tukunya a wuta. Kuma Allah ya yi ta da tsoron kuskure, tsoro na gaske mai hana cin abinci. In ta kulle ƙofa sai ta dawo ta taɓa kwaɗon. In ta aika saƙon waya sai ta sake karanta shi bayan ya riga ya tafi, tana neman abin da zai hana ta sukuni, kuma yawanci takan samu. Mijinta, tsohon direban bas da ciwon baya ya raba da sitiyari, yakan ce ko takardar cefane ta rubuta sai ta yi mata bita kamar za a kai gaban alƙali.

Mahaifinsu ya rasu tana ƙarama, yayanta ne ya riƙe ta. Tela ne, shagonsa na bakin wani layi mai cunkoso, tsakanin mai gyaran agogo da mai sayar da fenti. Da ƙafarsa a kan feda ya kai ta makarantar koyon buga takardu, shi ya sa har yau in ta shiga shagon sai ta rage murya kamar yarinya. Shi ne ma ya fara ce mata Sakatariya, tun ba ta iya sa takarda a tafireta a miƙe ba.

'Ya'yan Tela maza duk sun watsu garuruwa neman abinci. Mace ɗaya gare shi, Auta, ita kuma ta zo duniya da ciwon sikila. Yarinya ce mai baki, ga dariya, in ta zauna a shagon babanta har masu kawo ɗinki kan manta abin da ya kawo su. Ta girma tana shiga asibiti tana fita, rannan ta shiga ba ta fito ba. Tela ya rufe shago. Ba kuka yake yi ba, da kuka ne ma da sauƙi. Zama kawai yake a tsakar gida yana kallon bango, kayan mutane na jibge a shago, masu kaya su zo su koma suna jin nauyin buɗe baki.

A wannan tsakanin ne Sakatariya, wadda ritaya ta bari da kwamfuta da yatsu masu ƙaiƙayi, ta ci karo da aikin da ya zame mata sana'a ta biyu. Ba shi da wuyar fahimta. Akwai masu bincike a wasu jami'o'i da ke neman magungunan cututtukan jini, suna da lissafin da kwamfuta ɗaya ba za ta gama ba ko jikokinsu sun yi furfura. Sai suka yanka lissafin gunduwa-gunduwa, suka roƙi jama'ar duniya aron kwamfutocinsu. Kai dai ka sa wata 'yar manhaja. Duk lokacin da ka tashi ka bar kwamfutar a kunne ba ka taɓa ta, manhajar za ta ɗauko gunduwa ɗaya ta intanet, ta lissafa, ta mayar musu, ta ɗauko wata. Ba a biyan kowa, sai dai maki da ake rubuta wa mutum, wanda ko gishiri ba zai saya ba.

Ta je ta ba yayanta labari, don dai ta samu abin da za ta faɗa a tsakar gidan nan mai shiru. Ya juyo ya dube ta ya ce, "Wato ni ma sai in sa hannu a neman maganin?"

Rabon da a ji doguwar magana haka daga bakinsa tun kwanan makoki. A makon ya sayo tsohuwar kwamfuta, kuma da yake a shago ne kawai akwai inda za a ajiye ta, dole ya buɗe shago. Da ya buɗe kuwa sai ya ga keken ɗinki, da ya ga keke sai ƙafa ta tuna feda.

Tela ba ya karanta Turanci, don haka ƙanwar ta zauna ta rubuta masa bayanin da Hausa. Wannan rubutu ne ya kai ga wata baiwar Allah da ke kula da shafukan taimako na harsuna daban-daban, wadda Sakatariya ba ta taɓa gani ba sai a wani ɗan hoto, da kyanwa a kafaɗarta. Mai Kyanwa take ce mata. Mai Kyanwa ta roƙa a sa rubutun a intanet don sauran masu jin Hausa, daga nan shafukan suka zama na Sakatariya.

Wanda bai yi ba zai ɗauka aikin shan iska ne. Ina! Masu manhajar nan ba su san zama wuri ɗaya ba. Yau maɓalli yana dama, ta ɗauki hoton allo, ta zana masa jan da'ira, ta rubuta "danna nan". Wata mai kamawa sun ɗauke shi sun kai hagu sun canja masa launi, ba sallama ba ban-kwana. Hanyar intanet da ta sa jiya don a sauko da manhaja, gobe in ka danna sai ta kai ka kango. Daga baya masu binciken taurari da masu lissafin yanayi su ma suka ji akwai wata mai Hausa, suka ɗora mata nasu shafukan, ita kuwa a'a ba ta cikin kalmomin da ta iya. Kullum bayan karin kumallo takan bi shafukan ɗaya bayan ɗaya tana danna kowace hanya. Abin da take tsoro shi ne wani can da ba ta sani ba ya bi tsohon bayani ya ɓata, ya yi tsaki ya ce dama Hausa ba ta iya irin wannan ba.

A duk rubutun nan akwai layi ɗaya da take alfahari da shi a ɓoye. Akwai wata kalmar Turanci da ke nufin kwamfuta tana kunne amma ba a aiki da ita, kalmar ta ba ta wahala ƙwarai. Ta gwada "zaman banza", ta ji kamar zagi. Mijin ya ba da shawarar "zaman kashe wando", ta harare shi. Can tana wanke-wanke kalmar ta faɗo mata, ta goge hannu a zani ta ruga ta rubuta: "Kwamfutarka tana yin wannan aiki ne a lokacin da take hutawa. In ka gama abin da kake yi, ka bar ta ta huta. Yawan hutunta, yawan taimakonka." Ta karanta ta sake karantawa, ta ji ya zauna daram.

Duk gyaran da ta yi a shafukan sai ta tura wa Yaya a waya, shi kuma ya karanta shi kaf, harafi-harafi, da ƙarfi, don mai agogo ya ji. In ya gama ya ce, "Ƙanwata ce ta rubuta." Haka aka tafi fiye da shekara biyu.

Sai ga saƙon Mai Kyanwa wata safiya. A da jimlar makin rukuni kawai ake gani, wato na duk waɗanda suka shigo ta shafin Hausa a dunƙule. Yanzu an yi sabon wuri inda kowa zai ga nasa shi kaɗai. Za a sanar a ƙarshen mako, ana son shafin bayani kafin nan. Sakatariya ta haɗa shayi, ta buɗe sabon wurin don ta ɗauki hoto. Ga sunanta a sama da lamba doguwa. Ga wasu a ƙasanta. Ta gangara tana neman Yaya da murmushinta, tana tunanin yadda zai cika layi da baki in ya gani. Ta same shi can ƙasa, da sifiri a gabansa. Kuma ba shi kaɗai ba, a ƙarƙashinsa akwai sunaye da dama, duk sifiri.

Ta ce wa ranta sabon abu ne, bai gama daidaita ba. Ta rubuta wa Mai Kyanwa. Amsa ba ta jima ba: lambar daidai take. Kwamfutar ta yi rajista, ta karɓi gunduwa ɗaya tun farko, ba ta taɓa mayarwa ba. A ƙarshe Mai Kyanwa ta ƙara da tambaya: ko dai a kashe take?

Bayan azahar ta ɗauki mayafi ta nufi shago.

"A'a, Sakatariya da kanta? Yau wane ofishi aka rufe?"

"Sannu da aiki, Yaya. Wucewa nake na ce bari in leƙo."

Idonta na kan kusurwa. Kwamfutar na bisa ɗan tebur, sanye da rigar da ya ɗinka mata da shuɗin yadi mai kauri, an bi bakinta da farin zare, har da aljihu a gefe inda linzamin kwamfutar ke kwana. Ta sha ganin rigar nan, ta sha yaba ɗinkin ma. Ɗauka ta yi maganin ƙura ce, kwamfutar na ƙarƙashi tana aikinta. Bayan teburin ne ba ta taɓa leƙawa ba, ita da ke komawa ta taɓa kwaɗo. Ta saki gidan tabarau ya faɗi da gangan, ta sunkuya ɗauka. Soket ɗin ba komai a jikinsa. Wayar wutar na gefe an naɗe ta tsaf, an ɗaure da tsumma.

Ta miƙe a hankali.

"Yaya, yaushe rabonka da kunna ta?"

"Yau da safe mana. Kullum nakan kunna, in goge ta, in motsa linzamin in ga ta tashi lafiya. Sai in kashe, in zare waya, in rufe ta. Ko ƙarar keke ba na so ta dame ta, shi ya sa na matsar da ita can." Ya ciji zare ya tofar. "Ba ke kika rubuta ba? Yawan hutunta, yawan taimakonka. Wannan mai agogon yana ta musu, wai ta yaya abu a kashe zai yi aiki. Na ce masa kai in ka sha magani ka kwanta, ba kana barci yake maka aiki ba? Ka tsaya ga agogonka, ƙanwata ta fi ka sanin kwamfuta."

Ta yi murmushin dole. Shi kuwa ya dubi kusurwar, fuskarsa ta yi laushi.

"Kin san wani abu? Duk sanda na ja mata rigar nan sai in ji na yi wa Auta wani abu yau. Wallahi da ba don ita ba, da tuni shagon nan ya zama na mai fenti."

Ba ta san yadda ta yi sallama ba. A hanya mai babur ya kusa kwashe ta, ya zage ta, ita ta ba shi haƙuri.

Ta tarar da mijin kwance a tabarma da matashi ƙarƙashin baya, rediyo a kan ciki. Ta zayyana masa komai tana tsaye, ko mayafi ba ta cire ba. Mutumin nan sai ya fashe da dariya har rediyon na tsalle. Kuma a gaskiya abin da ban dariya, in ba kai ya faɗa wa ba: tela ya ɗinka wa kwamfuta riga ya kwantar da ita shekara biyu. Da ya ga fuskarta dariyar ta maƙale.

"Allah ya huci zuciyarki. To yanzu mene ne abin yi?"

"Malam, in na gyara layin nan zai karanta. Ba harafin da yake tsallakewa. In ya karanta zai gane. In kuma na rubuta sabon shafin, da hannuna zan nuna masa hanyar da zai je ya ga sifirinsa." Ta dube shi. "Zai sake rufe shagon. Ka ga yadda ya zama wancan karon, ba zai iya na biyu ba."

Direba ya tashi zaune da ƙyar, ya rage rediyo. "Ba ke kika buɗe masa asusun ba? Ki shiga da sunansa a taki kwamfutar, maki ya yi ta taruwa masa. Mu a mota in dattijo ya yi barci aka wuce tasharsa, ba ma tashinsa mu kunyata shi. Zagayowa muke yi, mu ce Baba an iso."

Shawarar ta shige ta. Ta je ta zauna gaban kwamfuta, ta buga sunan asusun Yaya. Kalmar sirrin ita ta zaɓa masa tun farko, sunan Auta ne na yanka. Ta buga rabin sunan, yatsunta suka ƙi. Yatsun da ba su taɓa yi mata gardama ba. Ta zauna tana kallon 'yan ɗigon da suka tsaya a allo, tana jin kamar yarinyar na tsaye a bayanta za ta ce, Gwaggo, da sunana za ki yi wa Baba ƙarya? Ta goge.

Kwanakin da suka biyo baya ba ta ci abincin kirki ba. Ta koma neman kalmar da za ta gyara shafin ba tare da ta taɓa Yaya ba. Ta iya irin wannan rubutu, ai ta buga wa manya a asibiti wasiƙun da za ka karanta har ƙarshe ba ka san an ce e ko a'a ba. Ta rubuta, "Ana iya barin ta a kunne." Ta ga wanda ke kashewa zai ci gaba da kashewarsa. Ta rubuta, "Ya fi kyau a bar ta a kunne." Ta ga wannan ƙarya ce mai kwalliya, don yana nufin a kashe ma tana ɗan taɓawa. Duk jimlar da ta fito fili sai ta soki yayanta, duk wadda ta kare shi sai ta bar sauran mutane cikin duhu. Ta yi tunanin ta gyara kawai kar ta tura masa. Amma shi da kansa yake bugo waya in ya ji shiru, "Sakatariya, ba sabon karatu ne?" Ga mai agogo da tasa wayar, yana neman inda zai ci musu.

Har rama ta yi. Mijin ya daina tsokana, wanda a gidan nan alama ce ta abu ya yi tsanani.

Ana gobe za a sanar, ta buɗe shafin da safe kamar kullum, ta ga an bar tambaya a ƙasa inda masu karatu ke rubutu. Wata mata ce, ta ce ita malamar makaranta ce, 'ya'yanta biyu na da sikila. Ta yi godiya mai tsawo. Sannan ta ce tana bin umarni sau da ƙafa, tana kashe kwamfutarta da wuri don ta samu hutu sosai. Tambayarta ita ce, in ta bar ta a kashe duk ƙarshen mako, taimakon zai fi yawa?

Sakatariya ta cire tabarau ta rufe ido da tafin hannu. Da ta buɗe sai ta share layin nan da take ji da shi, ta rubuta: "Kada ka kashe kwamfutar. In a kashe take ba ta yin komai. Ka bar ta a kunne, ka ɗauke hannunka kawai." Ba daɗi a kunne, ba kwalliya, amma ko yaro ba zai ɓata ba. Ba ta danna maɓallin wallafawa ba. Akwai wanda bai kamata ya ji wannan daga waya ba.

Bayan la'asar ta isa shagon. Ta zauna a bencin masu jiran ɗinki, ta haɗa gwiwoyi.

"Yaya, na zo da magana, kuma ba mai daɗi ba ce."

Feda ta tsaya. "Wa ya rasu?"

"Ba kowa."

Ta fara bayani tana kallon ƙyallayen da ke ƙasa. Ta ce hutun da ta rubuta ba irin hutunmu ba ne. Ta ce kwamfuta ba ta barci ta yi aiki, sai tana kunne, wuta na shiga, mutum ne kawai zai ɗauke hannu. Ta ce kalmar ce ba ta dace ba. Ta yi ta kewaye-kewaye har ta ji ta gaji da kanta.

"A kunne," in ji shi.

"A kunne, Yaya."

"To duk wannan lokacin fa?"

"Ba ta yi komai ba."

"Ko gunduwa ɗaya?"

"Ko ɗaya."

A waje mai fenti na jan gwangwanaye yana shigar da su. Tela ya ɗauki rigar da yake ɗinkawa ya ninke, ya warware, ya sake ninkewa.

"Na gaya wa uwarta," ya ce a hankali. "Na gaya wa 'yan'uwanta a waya. Har mai agogo na yi wa dariya." Ya ɗago ya dube ta. "Ke fa kika rubuta, Sakatariya."

Da tsawa ya yi mata da ta fi jin sauƙi. Ta ce, "Ni na rubuta."

Ya tashi ya je bakin ƙofa ya tsaya, ya ba ta baya. Ta kalli ƙeyarsa da ta yi fari, da kafaɗun da keke ya lanƙwasa. Ya daɗe a tsaye. Da ya juyo sai ya miƙa hannu ga ƙusar da makullan shago ke rataye. Ta ce a ranta shi ke nan, ta faru. Amma ba makullan ya ɗauko ba, ƙaramin almakashin da ke rataye tare da su ne. Ya durƙusa bayan teburin, gwiwoyinsa na ƙara, ya datse tsumman da ya ɗaure wayar.

"Har yanzu suna karɓa?"

"Suna karɓa."

"Ba su samo maganin ba ke nan."

"Ba su samo ba tukuna."

Ya cire rigar ya ajiye a kan keke, ya soka waya a soket. Kwamfutar ta tashi da nawa. Manhajar da ke kanta ta tsufa, sai da Sakatariya ta sauko da sabuwa, tana yi tana addu'a a ranta kar tsohuwar na'urar ta ce ba ta iyawa. Ta iya. Tela ya kai hannu zai motsa linzami kamar yadda ya saba, ta riƙe masa hannu, abin da ba ta taɓa yi ba tun da aka haife ta.

"Kar ka taɓa, Yaya. Jira za mu yi."

Suka zauna su biyu a benci, kowa hannu a gwiwa, suna kallon allo. Ba abin da ya motsa. Gumi ya keto mata a goshi. Ta fara lissafa abubuwan da za su iya lalacewa, ta kai na nawa ma ba ta sani ba, sai fankar cikin kwamfutar ta ja numfashi ta fara juyawa. Wani siririn layi ya bayyana a allo, ya ɗan matsa gaba kaɗan.

"Shi ke nan?" ya tambaya da raɗa.

"Shi ke nan. Ta fara."

Hasken rana ya janye daga bakin ƙofa. Mai agogo ya leƙo zai yi sallama, ya ga fuskokinsu, ya haɗiye maganarsa ya wuce. Sakatariya ta miƙe ta gyara mayafi.

"Sai ka ja ƙofa ka bar ta haka, Yaya. Har gobe, har jibi. Ba abin da zai same ta."

Ya matsa kusa da teburin, ya ɗora tafin hannunsa a gefen akwatin kwamfutar. Ya janye da sauri, ya sake mayarwa.

"Jikinta da zafi."

"Haka take yi in tana aiki. Ba komai ba ne, wallahi."

"Na ji." Ya jawo 'yar kujerar da yake zama in zai yi yanka, ya zauna, hannun na nan inda yake. "Na ji, na kuma yarda. Amma ni ban taɓa iya barin jiki da zafi haka in tafi in kwanta ba." Bai dube ta ba. "Je ki gyara wa mutane shafinsu. In kin fita ki biya ta gida, ki gaya wa uwar Auta kar ta jira ni da abinci."